Allurar Mashin

A gidanmu ba a cewa allura. Inna mutuniyar ƙasar Katsina ce, aure ne ya kawo ta Gombe, kuma har ta koma ga Allah maɗinkiya take cewa. Sai da aka ɗora min faifan koli a ka, wajejen shekarun samun mulkin kai, na gane abu ɗaya nake sayarwa amma kowa da sunan da ya san shi. Matan unguwa su ce allura, Fulanin da ke kawo nono su ce batal, in na koma gida Inna ta ce, "Kai, maɗinkiyar ta tafi yau?" Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana.

A faifan akwai zare da anini da kwalli da ɗan madubi, amma allura ce take buɗe min ƙofa. Ita ce mafi araha, kuma ita ce ba a iya haƙura da ita. Mace tana iya ɗaga sayen madubi zuwa kaka, amma ba za ta bar wandon mijinta a yage ba. In ta kira ni don allura, sai idonta ya faɗa kan kwalli. A naɗe ake saro ta cikin baƙar takarda, ni kuma in warware in sayar ɗai-ɗai. Ribar a warwarewar take. Na koyi barbaɗa mata hoda don kada damina ta sa ta tsatsa. Na kuma koyi cewa in magariba ta yi an rufe cinikinta, don mutane sun camfa sayenta bayan faɗuwar rana.

Da na yi girman da ba a barina shiga gidaje, sai na kafa tebur a kasuwa. Lokacin auduga ce take riƙe da Gombe. In kaka ta yi, masu ɗinke buhuna su zo neman basilla, babbar yayar allura, mai kauri da faɗin ido. Masu garmaho kuma suna da tasu, 'yar guntuwa a ƙaramin gwangwani, wadda ake sa wa faifai ya yi waƙa. Duk na ajiye. A haka sunana ya ɓace a kasuwa, kowa sai ya ce Mai Allura.

Sunan ya taɓa jawo min baƙuwa. Wata dattijuwa ce ta zo daga ƙauye, ta yi ta tambaya har aka nuna mata teburina. Ta zauna a bencina, ta ajiye sandarta.

"Kai ne mai allura?"

"Ni ne, Iya. Wace iri kike so?"

"Mai zafin. Ta ƙugu. Tun girbi bayan nan bai bar ni na yi barci ba."

Na ga ta fara gyara zama tana laluben bakin zaninta. Na ce, "Iya, tsaya. Tawa ta tsumma ce."

Ta dube ni sama da ƙasa. "To ni ɗin mece ce? Ai na zama tsumman."

Na raka ta har bakin titi na nuna mata hanyar asibiti. Kafin mu rabu ta ce tunda ta riga ta zo, in ba ta guda ɗaya ta ɗinkin, kada tafiyar ta tashi a banza. Na ba ta, ta soke a gefen ɗankwalinta.

Bayan yaƙin basasa ya ƙare da 'yan shekaru, kuɗin man fetur ya iso garinmu. Ba mu ga man ba, amma mun ga aikinsa. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai tsoka, malamin makarantar da jiya yake tafiya a ƙasa yau ga shi a kan sabon babur, akawu ya sayi rediyo mai faifai, amarya kuma ba ta cika ba sai an sa keken ɗinki a kayan ɗakinta. Teloli suka yawaita, kowace inuwa ka ji ƙarar keke. A wannan shekarar ne na bar tebur na kama rumfa ta gaske, mai ƙyaure da kwaɗo. Mai rumfar wani Alhaji ne mai sayen auduga. Shekara-shekara yake bayarwa, kuma shekararsa tana cika ne da babbar Sallah. Wanda ya kawo haya ya zauna, wanda bai kawo ba ya ba wani wuri. Ba shi da mugunta, ba shi kuma da jira.

Maƙwabcina a rumfar wani Ibo ne mai sayar da ƙusoshi da kwaɗuna da fatun ƙofa. Ya girme ni sosai. A Gombe ya tashi, ya tafi lokacin yaƙi, ya dawo ya sake farawa daga buhun ƙusa ɗaya. A unguwar Herwagana yake zaune da iyalinsa. Hausarsa ta fi ta wasu da aka haifa a cikinta, har karin magana yake jefawa. Masta nake ce masa, shi kuma ya ce min ɗan Katsina. Kullum in babur ya wuce sai ya nuna min da leɓe.

"Ka ga kasuwar gobe can tana gudu, kai kana nan kana ƙirga anini."

"Masta, anini bai taɓa kayar da kowa ba."

"Bai kuma taɓa ɗaukar kowa ba."

Ni ma ina da lissafina, sai dai ba na babur ba ne. Na lura telolin nan duka allurar keke suke nema, kuma ba ta isa gari. Mai kawo ta daga Kano yakan kawo kaɗan ya tsuga mata kuɗi. Ga azumi ya kusa, lokacin da tela yake karya allura kamar tsinke. Na ce a raina, duk wanda ya cika rumfarsa da allurar keke kafin azumin nan, shi ne zai ci kasuwar Sallah. Masta kuma yana shirin tafiya Anacha saro kaya, inda ake samun komai a farashin jirgin ruwa.

Na tattara duk abin da na mallaka. Bai kai yadda nake so ba, sai na je wurin Inna. Tana da tumakin da take kiwo a bayan ɗaki tun rasuwar mahaifinmu. Su ne asusunta. Na yi mata bayani, ta saurara tana tsince shinkafa.

"Maɗinkiya dai?"

"Ita ce, Inna. Ta keke."

"To, ita ba ta ruɓewa. Ka kai su kasuwa, ka bar min mai cikin."

Ranar da Masta zai tashi na kai masa kuɗin a ƙulle. A nan ne na yi dabarar da nake ganin wayo ce. Mu keke muke cewa, amma na sha jin mutanen kudu suna kiran keken ɗinki mashin. Na ce kada in ce keke ya je can ya rikice, ya ɗauka keken hawa nake nufi. Haka kuma teloli suna kiran allurarsu da sha huɗu da sha shida, amma a jikin takardar akwai wata lamba a gefe, casa'in da ɗari. Na ɗauka ita ce lambar da manyan 'yan kasuwa suke aiki da ita.

Na ce, "Masta, allurar mashin za ka sayo min. Casa'in da ɗari. Na kuɗin nan duka."

Ya tsaya da ɗaurin da yake yi ya dube ni. "Ta mashin?"

"Ta mashin."

"Duka?"

"Ko sisi kada ka dawo min da shi."

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. "Ɗan Katsina ya farka. Na ce maka wata rana za ka ji maganata."

Na ɗauka yabon ƙarfin halina yake yi. Ni ma na yi dariya.

Ya dawo ana saura kwanaki kaɗan a ɗauki azumi. 'Yan dako suka sauke masa kayansa, shi da kansa ya ɗauko nawa ya dire a gabana. Kwali ne madaidaici. Na yanke igiya na buɗe. Ƙananan ledoji ne a jere. Na ɗauki ɗaya na ɗaga ta a haske. A ciki akwai wani siririn ƙarfe mai tsini, da 'yan tsage-tsage a gindinsa, sai wani ɗan guntu mai kai kamar na fensir. Na juya su, na sake juyawa. Ido nake nema, inda zare zai shiga. Babu.

"Masta, mene ne wannan?"

"Allurarka ce. Ta kafireto. Casa'in a dama, ɗari a hagu, na sa an raba maka."

"Kafireton me?"

"Na mashin mana."

Sai a lokacin abin ya faɗo min. A bakin Bahaushe mashin babur ne, kuma baburan da suka cika gari a shekarun nan da lambar injinsu ake kiransu, wannan ɗan casa'in, wancan ɗan ɗari. Ni na tsallaka zuwa harshensa don ya gane, shi kuma ya tsaya a nawa yana jirana. Muka yi saɓani a hanya.

Na zauna a kan benci. Na ce, "Ta keken ɗinki nake nufi."

Ya zauna kusa da ni. Sannan ya ce, "Me ya hana ka ce keke?"

"Na ga ku mashin kuke cewa."

"Da Hausa ka yi min magana, ɗan Katsina. Da Hausa na ji ka."

Gaskiyarsa ce, ban musa ba. Na tambaye shi ko za a iya mayarwa. Ya girgiza kai, ya ce a can in kaya ya bar shago ya bari ke nan, kuma ko za a karɓa, ba zai sake sauka ba sai bayan babbar Sallah. Ya ce shi ma da laifinsa, da ya tambaye ni sau biyu, don haka a raba asarar. Na san halin da yake ciki, na san bai daɗe da tsayawa da ƙafarsa ba. Na ce masa a'a. Abin da na aike shi ya sayo ya sayo.

Da yamma na kai wa Inna leda ɗaya. Ta zazzage a tafin hannunta, ta ɗauki doguwar ta kai kusa da idonta.

"Makauniya ce?"

"Ta babur ce, Inna. An samu kuskure."

Ta mayar cikin ledar ta miƙo min. Ba ta tambayi tumakinta ba, kuma rashin tambayar ya fi min ciwo. Abin da ta ce kawai, "Wanda ya ƙera ta ai ba don ado ya ƙera ba. Ka nemo mai ita."

Azumi ya kama. Telolin da na yi wa alkawari suka fara zuwa. Akwai wani tsoho a cikinsu, mai ɗinkin manyan riguna, wanda ba ya barin magana ta wuce shi. Ya ɗauki ledar ya duba.

"Mai Allura, wannan a wane keke ake ɗaura ta?"

"Ba ta ɗinki ba ce, Baba."

"To madalla. Bana sai mu sa wa jama'a babur su je Idi da shi."

Aka yi dariya, ni ma na taya su, suka wuce wurin mai kawowa daga Kano. Kasuwar Sallar da na yi wa tanadi ta wuce ta gaban rumfata ina kallo. Abin da ya rage min sauran koli ne, wanda zai ciyar da gida da ƙyar amma ba zai biya haya ba. In ban sayar da kwalin nan kafin babbar Sallah ba, rumfa ta tafi, tumakin Inna sun tafi, ni kuma in koma tebur a rana.

Akwai wani makanike a gindin wata ɗorawa kusa da tashar mota, Batangale, tsohon soja, Saja ake ce masa. A soja ya koyi gyara. An gargaɗe ni in bi shi a hankali, wai in allurarsa ta motsa har sifana yake jifa da ita. A lokacin haka ake cewa game da duk wanda ya dawo daga yaƙi, wai an yi musu wata allura ce da ba ta barin jiki. Ni dai ban taɓa ganin ta motsa ba. Mutum ne mai ƙarancin magana, shi ke nan. Na yi masa sallama na nuna masa kayana.

Ya duba da kyau. "Mai kyau ce. Ina ka samo?"

"Anacha. Za ka saya, Saja?"

"A'a."

Na roƙe shi ko ba zai saya ba ya gaya min aikinta. Ya jawo wani kafireto da ke kwance cikin kwano ya buɗe min cikinsa. Ya ce doguwar ita ce take auna man da inji zai sha, kuma ba ta cika lalacewa ba, sai babur ya tsufa tana nan. Guntuwar kuwa ƙofa ce. In ɗan kofin da ke ƙasa ya cika da mai, ita take toshe hanya. In bakinta ya cinye, ko datti ya ci ta, sai mai ya yi ta zuba a ƙasa ko da babur yana tsaye.

"Tana cinyewa da yawa?"

"Da man da ake sha yanzu? Kullum."

Lokacin ana wahalar fetur. Abin mamaki ne, ƙasa tana haƙo mai amma gidan mai layi. Mutane sai su sayi na gefen titi, wanda aka zuba a tsofaffin galan da kwalabe, da tsatsarsa da yashinsa.

"To in ta cinye yaya kuke yi?"

Ya ɗauki wata tsohuwa ya goga bakinta a jikin takardar yashi, ya hure. "Haka. Ta yi sati biyu, uku. Sai mai babur ya dawo."

"Ya sake biya."

Ya dube ni, ya koma kan aikinsa.

Na taso ina tafe ina juya maganar. Saja bai ɓoye min komai ba, kuma ya gaya min abin da ya fi bayanin kafireto amfani. Makanike ba zai sayi abin da zai hana a dawo wurinsa ba. Ashe ba shi ne mai allurar ba. Mai ita shi ne wanda mansa yake zuba, wanda ya kwana biyu yana bin layi kafin ya samu galan ɗaya. Shi kuwa bai ma san akwai wata aba a cikin babur ɗinsa mai suna allura ba.

Washegari na zauna na warware ledojin nan, kamar yadda nake warware baƙar takarda ina yaro. Dogaye gefe, guntaye gefe. Na zuba guntayen a aljihu biyu, casa'in a dama, ɗari a hagu, na bar wa Masta jiran rumfa, na shiga gari a ƙasa.

Ba fuskar mutane nake kallo ba, ƙasa nake kallo. Duk inda aka jera babura, gaban ofis ko makaranta ko banki, sai in bi layin ina duba ƙarƙashinsu. Fetur in ya ɗiga a ƙasar Gombe yakan bar tabo mai duhu, zagayayye, kuma ko ya bushe akwai wari. Wanda na ga tabo a ƙarƙashinsa sai in nemi inuwa in jira mai shi.

Na farko wani malamin makaranta ne, matashi, da farar riga da biro a aljihu. Ya fito ya tarar da ni tsugune kusa da babur ɗinsa.

"Lafiya, Malam?"

"Lafiya lau. Mashin ɗinka ne ba lafiya. Yana fitsarin kwance."

Ya leƙa ƙasa ya yi tsaki. "Na kai gyara har na gaji."

"Sun goge maka ne. Allurarsa ce ta cinye."

"Allura? A mashin?"

Na ciro ɗaya na ɗora masa a tafin hannu. Ya ɗaga ta yana murmushi, irin na wanda yake jiran ya ji inda damfarar za ta ɓullo.

"Ɗan wannan abin?"

"Shi. Ka kai a sa maka. In gobe ka ga tabo a ƙasa, rumfata tana layin masu ƙusa, ka tambayi Mai Allura. Ka dawo min da abata in ba ka kuɗinka."

"In ban same ka ba fa?"

"To mu je yanzu a sa a gabana. Kada ka ba ni komai sai jibi."

Ya goya ni muka tafi gindin ɗorawa. Saja ya gan ni na sauko daga bayan babur, ya ga abin da ke hannun malamin, ya gane. Na zaci a ranar zan ga motsin allurar da ake faɗa. Ya dai kwance kafireton ya sa sabuwar ya ɗaure, ya karɓi ladan aikinsa. Da malamin ya juya, ya ce min a hankali, "Kai ɗan kasuwa ne."

Malamin bai jira jibi ba. Washegari da la'asar ya zo rumfa da abokan aikinsa biyu, kowanne da babur mai fitsarin kwance.

Ba zan ce daga nan komai ya tafi daidai ba. Akwai ranar da na yini ina yawo da ƙishirwar azumi ban sayar da ko ɗaya ba. Akwai mai gadin wani ofis da ya ɗauke ni ɓarawon babur, sai da wani akawu da ya san ni a kasuwa ya fito ya raba mu. Akwai wanda ya dawo min da ita yana faɗa, ashe nasa ba allura ba ce, ɗan kofin ne ya tsage. Na ba shi kuɗinsa a gaban mutane ban ja ba, kuma mutanen da suka ga haka biyu daga cikinsu sun saya. Na koyi tambaya kafin in sayar: a tsaye yake zuba ko sai ana tafiya? Na koyi ranaku. Juma'a a masallaci babura sun fi yawa, sai dai kowa sauri yake yi. Lahadi kuwa Masta ne ya ce in zo Herwagana.

"Ana daɗewa a coci. In mashin yana zuba, kafin a tashi ya yi tafki. Ba sai ka sunkuya ba."

Na je na tsaya daga nesa, don kada in dami masu ibada. Da aka tashi ya fito da kwat ɗinsa, ya riƙa kamo mutane da hannu yana kawo min. Da yarensu yake musu bayani, ban ji abin da yake cewa ba, amma na ga suna duba na suna dariya kafin su sa hannu a aljihu. Daga baya na tambaye shi me yake gaya musu. Ya ce labarin keke da mashin ne.

"Ka mayar da ni abin dariya, Masta."

"Wanda ya yi dariya ba ya neman ragi."

Bayan ƙaramar Sallah na daina yawo sosai, don yanzu su suke zuwa. Wanda aka sa wa ya gaya wa na kusa da shi a layin mai, kuma a layin mai mutane ba su da abin yi sai hira. Har daga garuruwan kewaye aka fara aiko direbobi. Guntayen suka yi ƙasa a kwali. Dogayen dai suna nan, jefi-jefi ake tambayarsu, amma guntuwar ita kaɗai ta ɗauki nauyin 'yar'uwarta.

Ana saura mako guda babbar Sallah na je gidan Alhaji mai rumfa na kai masa hayarsa. Ya karɓa ya ce, "An ce ka koma makanike." Na ce a'a, ina nan a allurata. Daga can na wuce kasuwar dabbobi. Lokacin layya ne, raguna sun yi tsada, amma tumaki mata da sauƙi. Na sayi tumaki na koro su har gida. Inna ta fito ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana buɗe bakinsu tana duba haƙora.

"Wannan tsohuwa ce, an cuce ka."

"A mayar?"

"Bar ta. Ta shigo ke nan."

Bayan Sallah da 'yan kwanaki, ina buɗe rumfa sai ga Saja da wani tsohon gwangwanin madara a hannu. Bai taɓa zuwa wurina ba. Ya dire gwangwanin a kan teburina. Cike yake da matattun kayan babur, fulogi da wayar kuloci da wasu da ban san sunansu ba a lokacin.

"Ka kashe min kasuwar goge-goge," in ji shi. "To ga waɗannan. Su ma babu su a gari. In ka kawo zan saya."

Masta ya leƙo daga rumfarsa ya ɗauki gwangwanin ya girgiza. "Wannan ya fi. Ƙarfe ba ya jin Hausa, ba ya jin Ibo." Sannan ya dube ni. "Amma ni na gama yi maka aike. Jibi zan tashi. Ka ɗauko gwangwaninka ka zo ka ga wurin da idonka."

Ban taɓa wuce Jos ba. Na ce sai na shawarci Inna. Ta ce in tafi, ta soya min gyaɗa ta ƙulla min a tsumma.

Mun samu gaban wata babbar mota mai ɗaukar wake zuwa kudu, ni a tsakiya, gwangwanin a cinyata. Da muka fita gari hanya ta miƙe, direban ya taka, na lura da wani agogo a gabansa mai ɗan tsinke ja a ciki. Motar tana ta gudu, tsinken yana kwance bai motsa ba. Na tambaye shi na mene ne.

"Na gudu ne. Allurar ta mutu tun bara."

Masta ya miƙo kai ta gabana ya ce masa, "Direba, ka yi shiru da bakinka. Kafin mu kai Bauchi zai sayar maka da wata."